Karatun likita a Amurka: darussan kimiyyar da ɗalibi zai zaɓa tun zangon farko

A Nijar hanyar zama likita a fili take. Yaro ya ci BEPC, ya shiga lise ɓangaren kimiyya, ya samu BAC na sashen D ko C da maki mai kyau, sannan ya nemi gurbi a tsangayar kimiyyar lafiya ta jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko ta Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ko ta André Salifou ta Damagaram. Daga ranar da aka karɓe shi, jadawali ɗaya ne ga kowa. Darasin da aka ɗora wa na kusa da shi, shi aka ɗora masa.

Uwaye da dama da ke da ɗiya a Amurka, a garuruwa irin su Greensboro ko unguwar Bronx ta birnin New York inda ƴan Nijar suke da yawa, da wannan ma'auni suke auna karatun can. Da zarar yaro ya shiga jami'a sai labari ya iso gida cewa ya fara karatun likita. Alhali bai fara ba. A Amurka sai ɗalibi ya kammala digiri na farko na shekara 4 kafin ya shiga makarantar likitanci. A cikin waɗannan shekaru shi ne da kansa yake zaɓen darussan da zai yi, zango bayan zango. Idan ya zaɓa daidai, ƙofa na buɗe. Idan ya kuskure, yana iya fitowa da digiri a hannu amma babu makarantar likitancin da za ta duba takardunsa, sai ya koma ya ƙara shekara ɗaya ko biyu da kuɗinsa.

Asalin tsarin

A farkon ƙarni na 20 makarantun likitanci sun yi yawa a Amurka, kuma da dama daga cikinsu kasuwanci ne kawai, suna karɓar duk wanda ya biya ko da bai gama sakandare ba. A shekarar 1910 wani masanin harkar ilimi mai suna Abraham Flexner ya fitar da rahoto da tallafin gidauniyar Carnegie, bayan ya ziyarci makarantu 155 a Amurka da Kanada. Ya ba da shawarar kada a karɓi kowa sai ya yi aƙalla shekara biyu a jami'a yana koyon shimi, fizik da ilimin halittu. Abin koyinsa shi ne makarantar Johns Hopkins, wadda tun buɗe ta a 1893 take neman digiri kafin shiga.

Bayan rahoton an rufe makarantu masu yawa. Cikin bakwai da ke horar da baƙar fata a lokacin, biyu ne suka tsira, Howard da Meharry. Jerin darussan da ake nema a yau ya samo asali ne daga wancan lokaci, da ƴan ƙare-ƙare da aka yi daga baya.

Darussan da ake nema

Shekarar karatu a jami'o'in Amurka galibi zango biyu ce, ɗaya daga ƙarshen Agusta zuwa Disamba, ɗaya daga Janairu zuwa Mayu. Kowace makarantar likitanci tana da nata sharuɗɗa, amma akasarinsu sun haɗu a kan waɗannan:

Ilimin halittu, zango biyu, tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Shimi na gama-gari, zango biyu, tare da aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Shimi organik, wato sinadaran da aka gina a kan kabon, zango biyu ko ɗaya gwargwadon makaranta, shi ma da aikin gwaji.

Biyoshimi, wato sinadaran da ke aiki cikin jikin mai rai, zango ɗaya.

Fizik, zango biyu, da aikin gwaji.

Lissafi, zango ɗaya ko biyu. Makarantu da yawa yanzu sun fi son ilimin ƙididdiga, tun da shi likita ke buƙata wajen fahimtar sakamakon bincike.

Turanci ko darasin rubutu, zango biyu.

Ana kuma shawartar ɗalibi ya yi zango ɗaya na ilimin halayyar ɗan Adam da ɗaya na ilimin zamantakewa. Wasu makarantu sun mayar da su wajibi.

Aikin ɗakin gwaje-gwaje, abin da ɗalibai a Nijar suka sani da TP, ba ado ba ne. A jami'o'i da yawa rajistarsa daban take da ta darasin aji. Ɗalibin da ya yi darasin aji ya manta da na gwaji, a idon makarantar likitanci bai cika sharaɗi ba.

Digirin gaba ɗaya yakan kai kiredi 120, wato kimanin 15 a kowane zango. Kada a haɗa wannan lissafi da na tsarin LMD da jami'o'in Nijar ke bi, inda lisans ke da kiredi 180 cikin shekara 3. Ma'aunin ba ɗaya ba ne. A Amurka darasin kimiyya guda tare da gwajinsa yakan ɗauki kiredi 4, don haka darussan da aka lissafa a sama sukan cinye sama da kashi ɗaya cikin uku na digirin.

Sarƙar shimi

Abin da ya fi kayar da ɗalibai ba yawan darussan ba ne, jerinsu ne. Darussan shimi sarƙa ce. Ba a barin ɗalibi ya shiga zango na biyu na shimi gama-gari sai ya ci na farko. Ba ya shiga shimi organik sai ya gama gama-gari. Ba ya shiga biyoshimi sai ya yi organik. Idan aka jera su, zango biyar ke nan a jere, shekara biyu da rabi.

Ga dalilin da ya sa wannan lissafi ke da nauyi. Mai son shiga makarantar likitanci da zarar ya gama digiri, yana miƙa takardun nemansa ne a ƙarshen shekara ta uku, wajen watan Yuni, fiye da shekara guda kafin ranar shiga. Kafin nan sai ya zauna jarrabawar shiga, kuma jarrabawar cike take da tambayoyin biyoshimi. Ke nan ya kamata ya gama sarƙar a tsakiyar shekara ta uku. Wanda ya fara shimi a zangon farko na shekarar farko, lissafinsa ya fita. Wanda ya ce bari ya saba da wuri tukuna, ya ɗage shimi zuwa shekara ta biyu, ya riga ya ƙara wa kansa shekara guda ba tare da ya sani ba.

Akwai kuma wata ƙofa kafin shimi. Jami'o'i da yawa suna gwada sabon ɗalibi a lissafi a makon shigowa. Wanda bai kai matakin da ake so ba, sai ya yi darasin share fage kafin a bar shi ya taɓa shimi. Ɗalibai kan raina wannan gwaji saboda ba ya shiga cikin maki, alhali shi ke tsai da ranar da sarƙar za ta fara.

Jadawalin da masu ba da shawara a jami'o'i suka saba bayarwa shi ne: shekarar farko shimi gama-gari, ilimin halittu, lissafi da Turanci, shekara ta biyu shimi organik da fizik, ko a raba su idan nauyi ya yi yawa, zangon farko na shekara ta uku biyoshimi, zango na biyu shirin jarrabawa. Ilimin halayya da na zamantakewa ana cusa su inda aka samu sarari kafin jarrabawa.

Ba dole sai digirin ilimin halittu ba

A akasarin jami'o'in Amurka babu wani digiri mai suna share fagen likita. Ɗalibi yana zaɓen fannin da ya ga dama, sannan ya haɗa da darussan da ake nema. Fiye da rabin masu neman shiga makarantun likitanci daga fannin ilimin halittu suke fitowa, saboda darussan fannin sun yi daidai da sharuɗɗan. Amma ana karɓar wanda ya karanta tarihi, tattalin arziki, lissafi ko adabin Faransanci, muddin ya cika jerin kuma makinsa na kimiyya ya yi kyau.

Wannan yana da amfani ga iyalin da ba su da ƙarfi. A ƴan shekarun nan sama da mutum 50,000 ke neman shiga makarantun da ke ba da digirin MD kowace shekara, kimanin 23,000 ake ɗauka. Fiye da rabi ba su samu. Ɗalibin da ya zaɓi fannin da zai iya cin abinci da shi ko da likitanci bai yiwu ba, ya rage wa kansa da uwayensa asara.

Sai dai a kula da wani abu. Digirin aikin jinya da makamantansa suna da nasu darussan shimi da ilimin halittu da aka sauƙaƙa domin sana'ar. Makarantun likitanci da yawa ba sa karɓar su a madadin na masu karatun kimiyya. Haka ma darussan kimiyya da aka tanada wa ɗaliban adabi. Suna na iya kama da juna a cikin kundin jami'a, lambar darasin ce ke bambanta su. Kafin rajista, ɗalibi ya tabbatar darasin na masu karatun kimiyya ne.

Maki ba ya gogewa

A Nijar ana ba da maki a kan 20. A Amurka haruffa ne, A, B, C, D da F, sannan a mayar da su lamba: A tana da 4, B tana da 3, C tana da 2. Matsakaicin makin waɗanda ake ɗauka a makarantun MD yana kusa da 3.8 cikin 4. Wato akasarin darussansu A suka samu.

A akasarin makarantu ana miƙa takardun nema ne ta wata kafa mai suna AMCAS, ta ƙungiyar makarantun likitancin Amurka, AAMC. Kafar tana lissafa matsakaici biyu, ɗaya na dukan darussa, ɗaya na ilimin halittu, shimi, fizik da lissafi kawai. Don haka ba a iya ɓoye raunin shimi a bayan makin darussa masu sauƙi.

Abu na biyu, idan ɗalibi ya faɗi darasi ya maimaita, jami'arsa na iya share tsohon makin daga lissafinta, amma AMCAS tana ƙirga duka biyun. F ɗin da yaro ya samu yana ɗan shekara 18 tana nan tana jiran sa ranar nema. Makarantu da yawa kuma ba sa karɓar makin da ya gaza C a darasin da suka sharɗanta.

Daga nan ake gane haɗarin ɗaukar kaya fiye da ƙarfi. Ɗalibin da ya haɗa darussa uku masu aikin gwaji a zango ɗaya, ga aikin dare a shago ko tuƙin mota domin biyan haya da aika wani abu gida, yana wasa da makinsa ne. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada darussan kimiyya masu nauyi su wuce biyu a zango, musamman a shekarar farko. Idan darasi ya gagara, jami'o'i suna da wa'adin janyewa. Wanda ya janye kafin wa'adin, harafin W ake rubuta masa, ba ya shiga lissafi. W ɗaya ta fi D ko F sauƙi nesa ba kusa ba, amma idan suka yi yawa su ma abin tambaya ne.

A nan uwaye da dangi na gida suna da rawar takawa. Duk awar da yaro ya ƙara a wurin aiki domin amsa buƙatar gida, daga lokacin shimi ya cire ta.

Jarrabawar MCAT

Jarrabawar shiga sunanta MCAT. Tun Afrilun 2015 kashi huɗu gare ta: shimi da fizik, fahimtar rubutu da nazari, ilimin halittu da biyoshimi, sai ilimin halayya da zamantakewa. Tambayoyi 230 ne, kuma zaman yakan ɗauki kimanin awa bakwai da rabi har da hutu. Maki yana farawa daga 472 zuwa 528. Matsakaicin waɗanda ake ɗauka yana wajen 511 zuwa 512. Ba a yarda mutum ya zauna ta fiye da sau 3 a shekara ɗaya ko sau 7 a rayuwarsa ba, kuma makarantu suna ganin sakamakon kowane zama.

Wasu makarantu sun daina fitar da jerin darussa na dole, sun ce ƙwarewa suke dubawa. Kada wannan ya ruɗi ɗalibi. Jarrabawar ba ta canza ba, kuma mai nema yakan aika takardu zuwa makarantu da yawa a lokaci guda. Hikima ita ce ya cika sharuɗɗan wadda ta fi tsanani a cikin jerinsa.

Ɗalibin da ya fito daga sashen D ko C yana da abin da ya riga ya taɓa. A ajin ƙarshe na lise an koya masa wani ɓangare na shimi organik da fizik da lissafi mai zurfi. Inda ya fi fuskantar wahala shi ne kashin fahimtar rubutu, inda ake ba da dogayen nassoshi na falsafa, tarihi ko fasaha cikin Turanci mai nauyi, tambaya 53 cikin minti 90. Wannan ba a haddace shi. Maganinsa shi ne ɗaukar darussan karatu da rubutu da gaske tun shekarar farko. A sani kuma, darussan koyon Turanci da ake yi wa baƙi galibi ba sa maye gurbin darasin Turancin da ake sharɗantawa.

Inda aka yi darasin

Iyalai masu ƙaramin ƙarfi sukan fara da kwalejin unguwa ta shekara biyu, saboda kuɗinta ya fi sauƙi sosai, daga baya yaro ya koma jami'a. Makarantun likitanci da yawa suna karɓar darussan da aka yi a can, wasu kuma sun fi son na jami'a. Hanyar da ta fi aminci ita ce wanda ya fara a kwalejin unguwa ya ƙara darussan kimiyya masu zurfi bayan ya koma jami'a, kamar ilimin gado, ilimin ƙwayoyin halitta ko aikin gaɓoɓin jiki, ya nuna zai iya. Darussan da aka yi ta intanet, musamman aikin gwaji, su ma ba kowace makaranta ke amincewa da su ba.

Zaɓen darasi yana da wani amfani kuma. Makarantu sukan nemi wasiƙun shaida daga malaman kimiyya, sau da yawa guda biyu. Malamin da ya koyar da aji mai mutum ɗari uku ba zai tuna da kowa ba. Ƙaramin aji a shekara ta biyu ko ta uku, ko aikin bincike a ɗakin gwajin wani malami, shi ke samar da mai shaidar da ya san ɗalibi da gaske.

Wanda ya fara karatu a Nijar

Ga ɗalibin da ya yi shekara biyu ko uku a tsangayar kimiyya a Yamai, Maradi ko Damagaram kafin ya tafi, labarin yana da ɗaci. Jami'ar Amurka na iya amincewa da wasu darussansa domin digiri na farko, amma akasarin makarantun likitanci suna son a yi darussan sharaɗi a jami'ar Amurka ko Kanada. Sau da yawa sai ya sake su. Akwai shirye-shirye na shekara ɗaya zuwa biyu da aka tanada wa masu digiri da ke son cike giɓin, amma da kuɗi ake yin su.

Takardar zama ita ma tana raba mutane gida biyu. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna nema kamar kowa, kuma suna iya samun bashin karatu na gwamnati. Mai bizar ɗalibi kuwa, makarantu ƙalilan ne ke duba takardunsa, ba ya samun bashin gwamnati, wasu kuma sai ya nuna kuɗin shekara ɗaya ko na shekarun huɗu kafin ya fara. Ga kuma matakan tsaurara biza da Amurka ta ɗauka kan ƴan Nijar tun 2025.

Kuɗin ba na wasa ba ne. Shekara 4 na makarantar likitanci, har da ci da kwana, ya zarce dalar Amurka 250,000 a makarantun gwamnati, wato abin da ya kai miliyan 140 na sefa ko fiye, a masu zaman kansu kuma ya zarce 350,000. Akwai ƴan makarantu da suka yafe kuɗin karatu. Jami'ar New York ta yi haka a 2018. Makarantar Albert Einstein da ke Bronx ta bi sahu a 2024, bayan Ruth Gottesman, tsohuwar malama a makarantar, ta ba ta kyautar dala biliyan ɗaya. Sai dai gasar shiga irin waɗannan ta fi ko'ina zafi.

Idan aka haɗa shekara 4 na digiri, 4 na likitanci, da 3 zuwa 7 na horo a asibiti, tafiyar shekara 11 zuwa 15 ce bayan lise.

Lissafi kafin tafiya

Ga wanda har yanzu yake gida da BAC a hannu, wannan lissafi ya isa ya sa a sake tunani. A Nijar ana shiga likitanci kai tsaye a fito cikin shekara bakwai zuwa takwas. A Najeriya shekara 6 ne, bayan jarrabawar JAMB a Turanci, ilimin halittu, shimi da fizik. Likitan da ya gama a waje yana da hanyar shiga aiki a Amurka daga baya, ta hanyar tantancewar hukumar ECFMG, jarrabawar USMLE da horon asibiti, idan makarantarsa tana cikin waɗanda aka amince da su. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na likitocin da ke aiki a Amurka a wajen ƙasar suka yi karatu.

Ga wanda ya riga yana can kuwa, aikin makon farko a jami'a sananne ne. Ya shirya wa gwajin lissafi. Ya je ofishin masu ba da shawara kan sana'o'in lafiya, wanda akasarin jami'o'i suke da shi, ba sai shekara ta uku ba. Ya fitar da sharuɗɗan makarantun likitancin jihar da yake zaune, tun da makarantun gwamnati sun fi fifita mazauna jiharsu. Ya rubuta jadawalin zango shida a takarda guda, shimi a sahun farko.

Uwayen da ke kiran waya daga Tawa ko Tasawa su ma suna da tambayar da ta fi "yaya karatu" amfani. Su tambayi yaron ko ya fara shimi, da wane maki ya fita, kuma awa nawa yake aiki a mako.